Ƙyauren Ƙirya Na Inna Tumba

Ku da kuke tsayawa bakin rumfata a nan Wurno kuna kallo in ina jan roba a kan ƙofa, na san abin da kuke faɗa in kun ba da baya. Wai aikin Labbo ba wuya, a shafa fenti, a ja guntun taya, sai ga katako. Har akwai wanda ya nuna min wani mutum a wayarsa, kafin ka ƙifta ido ya mayar da ƙofar ƙarfe ta zama kamar ta katakon maɗaci. Ban musa masa ba. Abin da wayar ba ta nuna ba shi ne kwanakin da ke gaban jan robar nan, da shekarun da hannu ke yi kafin ya daina rawa.

Ƙofar farko da na sa wa hannu ta wani gidan ma'aikata ce kusa da madatsar ruwa ta Goronyo. Maigidana a sana'a, Baba Bitrus, mutumin wajen Zuru ne, Kirista. Da ƙuruciyarsa ya zo ƙasar nan yana yi wa gidajen ma'aikata fenti, ya zauna, iyalinsa kuwa suna can gida, sai ƙarshen shekara yake zuwa ganin su. Mahaifina ne ya kai ni wurinsa bayan wata damina da gero bai yi ba. Ranar da na fara, ya miƙo min sanfefa, takardar guga, ya nuna min ƙofar. Na goga har fatar yatsuna ta saɓule, na ce na gama. Ya zo ya rufe ido ya bi ƙofar da tafin hannu daga sama har ƙasa, ya ce, "Da saura." Haka na yi watanni ban taɓa buroshi ba.

Da ya ga ban gudu ba, sai ya fara tura ni wurin masassaƙa ranar kasuwa, masu turmi da ƙota da akushi. Ya ce, "Ka zauna gefe, kada ka dame su. Ka duba cikin itace lokacin da gizago ya buɗe shi." A can na gane ashe ban taɓa ganin itace ba duk da a cikinsa na girma. Ƙirya jinin cikinta mai duhu ne, zanenta a matse. Maɗaci ja ne mai sheƙi, layinsa na tafiya yana karkacewa kamar ruwan gulbi. Gawo fari ne fat, ba shi da abin kallo. Giginya kuma kamar an zuba mata baƙaƙen allurai. In na dawo sai ya ba ni murfin gwangwani ya ce in yi masa abin da na gani. Yakan duba ya goge da tsumma, in sake. Babban abin da yake tsana shi ne ka yi ido biyu iri ɗaya a ƙofa guda. Ido shi ne wurin da reshe ya fito, inda zanen ke kewayawa. Yakan ce babu itacen da ya taɓa fitar da rassa biyu iri ɗaya, wanda ya yi haka ya nuna bai taɓa zama gindin bishiya ba.

Kayan aikin ba su da yawa, kuna ganin su cikin buhun nan. Buroshi mai faɗi da ƙarami. Roba da nake yankawa daga tsohuwar taya ko silifa, in fere mata haƙora da reza, wasu manya wasu ƙanana, kada su daidaita. Gashin zabo na ƙananan jijiyoyi. Tsumman tsohuwar singileti, wanda nake naɗewa a babban yatsa in murza ido da shi. Amma kafin ka kai ga waɗannan sai ka kashe tsatsa, ka shafa jan fenti, ka cike wuraren walda da foti, ƙullin nan na toshe rami, ka goge, sannan ka yi shafen ƙasa mai launin shayi da madara, ka bar shi ya bushe ƙarau. Wanda ya yi gaggawa a nan, aikinsa zai yi kyau ranar da ya gama, damina ɗaya ta tona shi.

Shafen sama shi ne mai wuyar. Launin ƙasa ne da ake sirkawa da kananzir, kana shafa shi ya fara kamawa. Dole ka ja robar daga sama har ƙasa ba tsayawa, numfashinka ma sai ka riƙe. In wani ya yi maka sallama ka amsa, hannunka ya ɗan tsaya, wurin zai fito kamar tabo, sai dai ka wanke ka sake. Shi ya sa mai wannan aiki ba shi da abokin hira. Kafinta na buga ƙusa yana ba da labari, mai walda na tare da jama'a. Ni kuwa sai na kori yara, na kori kaji, na ja labule, in rage daga ni sai ƙarfe da warin tinna, ruwan nan na tsinka fenti. Da bazara ƙarfen ya yi zafin da fenti ke dahuwa a kai, da damina ƙananan ƙwari su zo su manne. Mumbarin wani masallaci a Rabah, wanda aka haɗa da guntayen katako kala-kala aka ce in mayar da su dangi ɗaya, na yi kwanaki ina aikinsa tsakanin salloli, ƙofa a rufe. Ladan kaɗai ke leƙo ni. Ranar Juma'a mutane suka yi ta tambaya daga ina aka kawo maɗacin, ina zaune sahun baya, ba wanda ya san ni ne.

Baba Bitrus tinna ce ta cinye masa ƙirji. Tari ya kama shi, ido ya rage, hannu ya fara rawa. Ɗansa ya zo ɗaukar sa. Ni na raka su tasha. Ya ba ni robobinsa cikin gwangwanin madara, ya ce in riƙa ɗaure hanci in ina aiki, kada in yi irin tasa. Labarin rasuwarsa ban ji ba sai bayan lokaci mai tsawo, a bakin wata ma'aikaciyar asibiti 'yar garinsu da na je yi wa kabad.

An yi shekaru aiki na tafiya. Masu albasa na Wurno in kasuwa ta yi kyau sukan gina gida, kowa na son ƙofarsa ta fi ta maƙwabci. Mata kuma suna kawo kabad da gado na katako mai arha, in yi musu ado kafin biki. Har Sisawa da Magarya ana aikowa a ɗauke ni. Sannan wata shekara ta zo da abu biyu suka haɗu. Aka fara shigo da ƙofofi cikin kwali daga waje, da zanen katakonsu a jiki, ana kafawa an gama. Hanyoyin ƙauyuka kuma suka lalace da 'yan bindiga, kasuwanni suka mutu, mutane suka daina gini, wanda yake da gida ma neman barin sa yake. Jelani, wanda muke haɗa rumfa da shi, ya sayar da kayansa ya tafi kudu. Fenti ya yi fata a cikin gwangwanaye. Matata ta riga ta rasu kafin nan, yara suna Sakkwato. Na jiƙa buroshi cikin kananzir na shiga fadama ina yi wa mutane ban ruwan albasa.

A ƙarshen bazarar shekarar ne wani mutum ya same ni a fadama. Sunansa Mande, dillalin albasa ne a Goronyo. Ya tsuguna bakin hanyar ruwa ya ce, "Malam Labbo, wurinka niz zo. Magana ta ƙohwa, amma ba ado nika so ba."

Mahaifiyarsa, Inna Tumba, tana zaune ne a wani ƙauye bayan Shinaka, a gidan da aka kai ta tun tana amarya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Mande ya sha roƙon ta ta dawo gari ta ƙi. Da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen suka sa wuta, ɗakinta na cikin waɗanda suka ƙone, aka kawo ta Goronyo a kan amalanke. Mande ya gina mata ɗakin bulo a cikin gidansa, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe mai fulawoyi. Ta tsaya ta dubi ƙofar ta ce ba ta shiga. Ta shimfiɗa tabarma bayan madafa kusa da awaki, can take kwana. Sau biyu tana ɗaure kayanta ta kama hanyar ƙauye, ana cim mata a bakin gari. Ga tari ya kama ta, ga hadari ya fara haɗuwa gabas.

"Ba ta maganag gida, ba ta maganar rumbu," in ji Mande. "Ƙyaurenta ɗai taka kira. Na ƙirya na, kakanmu yas sassaƙa shi. Na nemi ƙirya mai wanga hwaɗi ko'ina, babu. Kuma ko an samu, ni ba ni iya kwana uwata na bayan ƙyauren icce ga wanga zamani."

Na ce masa tsohuwar da ta yi rayuwarta duka tana tura ƙyaure guda, fenti ba zai ruɗe ta ba. Ya ce ya sani. Ya ce in dai zo in gwada, don ba shi da wata dabara.

Na same ta zaune bayan madafa, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta jingina da bango tana tsinkar wake. Na durƙusa na gaishe ta ta amsa a taƙaice. Na ce, "Inna, ƙyaurenki niz zo tambaya, yadda shike."

Ta ce, "Mi kaka yi da shi? Ya ƙone."

Ta ci gaba da wakenta. Na sa mai walda ya kankare fulawoyin ya manna faranti shafaffe, na fara aikin da na saba, guga da jan fenti da foti. Ba ta ko waiwayo ba. Washegari na bi ta wurin masassaƙa na roƙi ɓarin tsohon turmi na ƙirya, na zo na ajiye kusa da tabarmarta kamar na manta da shi. Ina cikin guga na ji ta ce, ba tare da ta kira sunana ba, "Wagga ƙiryat tudu ta. Tamu ta hi ta duhu."

Na ajiye sanfefa na matso. Daga nan ta fara, kaɗan-kaɗan, tana magana kamar da waken take yi. Falle uku ne, na tsakiya ya fi faɗi. Ba a kai shi inji ba, da gizago surukinta ya sassaƙa shi, kowane sara yana nan, in ka shafa kana jin su. Akwai tsaga da ta taso daga sama ta tsaya wajen kafaɗa, tun wata shekarar fari. Ƙasansa ya yi fari-fari saboda feshin ruwa, kuma awaki sun gaigaye kusurwa. Can ƙasa ta hagu akwai ido da ya huje, yara na leƙen tsakar gida ta nan. Wurin da ake turawa kuwa ya yi baƙi yana sheƙi saboda hannuwa.

"Ɗiyana duka bayanshi na haihe su," ta ce. "Ta nan anka hita da gawam malam, mijina."

A duk shekarun da na yi a sana'a, sabon katako nake yi. Kowa so yake abinsa ya yi kamar yau aka fito da shi daga kanti. Ba a taɓa ce min in yi tsoho ba, kuma ban san ta inda ake kama shi ba. Saran gizago na yi shi da foti, na shafa siriri na bi da bayan cokali ina dannawa ɗaya bayan ɗaya kafin ya bushe. Na raba falle uku da bakin reza. Na haɗa launi mai duhu na ja roba, na murza ido, na zana tsaga da gashin zabo, sannan na bi da banish mai sa sheƙi kamar yadda na saba. Da ya bushe na ja baya na duba, ni kaina ya burge ni. Matar Mande da maƙwabta suka taru suna yabawa.

Inna Tumba ta ɗago daga inda take ta dube shi sau ɗaya. Ta ce, "Ƙohwar amarya ta," ta koma kan wakenta.

A yinin nan aka yi iska mai ƙarfi, hadarin ya zo ya wuce bai sauka ba. Da la'asar na ga ta jawo ƙullin kayanta ta ajiye kusa da ƙafarta. Mande ya gani shi ma. Ya kira ni zaure ya ce in ya gagara in faɗa masa, ya san yadda zai yi, ko da kulle ƙofar gida ne. Na ce ya ba ni kwanaki kaɗan.

Na kankare banish ɗin duka na koma kan shafen ƙasa. Wannan karon ban nemi kyau ba. Na roƙi matar Mande ta kankaro min baƙin gindin tukunya na dama cikin launin. Na yi shafe, na bari ya fara kamawa, na goge shi da busasshen tsumma ta yadda duhun zai zauna cikin ramukan saran, tudun ya yi haske. Ƙasan na shafa masa toka da aka tankaɗe tun fentin na da danshi. Kusurwa na yi mata cin awaki. Ido na yi masa baƙi ƙirin a tsakiya, na kewaye shi da haske kaɗan don ya yi kamar rami. Na rataya tabarmi kewaye da ƙofar don rana da kaji, ina ciki ni kaɗai tun hantsi, ba na fitowa sai salla. Ta bayan tabarma nake jin tarinta, da shi nake sanin tana nan ba ta tafi ba.

Wurin hannu na bar wa ƙarshe. Na ce ta zo ta nuna min inda take turawa, ta ce ba ta taɓa ƙarfe. Sai na kintata da tsayinta, na yi baƙin a inda nake zato, na murza shi da tafin hannuna har ya ɗan yi sheƙi. Nan kaɗai na sa banish, shi ma da yatsa.

Ranar da na cire tabarmin hadari ya haɗu sosai bayan azahar, gari ya yi duhu, iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Ban kira kowa ba, ina tattara kayana ne na ji takun sandarta. Ta zo ta tsaya gaban ƙofar ta daɗe. Sannan ta dunƙule hannu ta ƙwanƙwasa, ƙarfe ya amsa.

"Ƙarhe na," ta ce.

"Ƙarhe na, Inna."

"Ka ɗauka ba ni ganewa?"

"Ban ɗauka ba."

Ta bi saran da yatsunta, ta bi tsagar har inda ta tsaya. Ta sunkuya da ƙyar ta kai yatsa wurin idon, yatsan bai shiga ba. Ta bar shi a nan. Mande na tsaye bayanmu. Ta ce, "Nan Mande yas sa yatsa yam maƙale, shina ta kuka, sai da anka zuba mai man shanu." Mande ya juya ya fuskanci bango. Ruwa ya fara ɗiga manya-manya. Ta miƙe ta dubi matar Mande ta ce, "Ke, ɗauko man tabarmata kar ta jiƙe." Ta sa hannu ta tura ƙofar ta shiga.

A zaure na fake har ruwan ya tsagaita, sannan na hau babur na kama hanyar Wurno tun da sauran haske, don ba hanyar da ake bari rana ta faɗi a kanta ba ce.

Aiki bai dawo yadda yake a da ba, kuma ba na jin zai dawo. Ƙofofin kwali suna nan, sai in sun ɓare ake nemana. Bayan damina ta zagayo Mande ya aiko a ce fentin ƙofar ya goge wuri guda, in zo in gyara. Na haɗa launi na tafi. Na tarar da ita zaune bakin ɗaki, tarin ya bar ta. Na duba ƙofar. Baƙin hannun da na yi yana nan kamar yadda na bar shi, ba a taɓa shi ba. Ƙasa da shi da kamar tafi guda, wani wuri ya sule, launin sama ya tafi, shafen ƙasa ya fito, gefensa ya yi duhu da maiƙo. Ashe na yi kuskuren tsayinta, nan take turawa. Na durƙusa zan buɗe gwangwani ta ɗora sandarta a kan murfin.

"Kak ka taɓa shi," ta ce. "Na bisa naka na. Wanga nau na."

Na mayar da gwangwanin cikin buhu. Ta sa aka kawo min fura, ta zauna tana kallona ina sha. Can ta ce, "Kai, mai henti, wa ka buɗe maka ƙohwa in ka koma?"

Na ce, "Ba kowa, Inna. Ni ka buɗewa, ni ka ruhewa."

Sannan ta ce in na shigo Goronyo ranar kasuwa in riƙa biyowa in sha fura.

Har yanzu ina biyawa in hanya ta yi lafiya. Ba na zuwa da kayan aiki, kuma ba ma yawan magana. Tana zaune ta jingina bayanta da ƙofar, ni ina gefe cikin inuwar bango, har a kira la'asar in yi mata sallama.